Bula a Rijiyar Kakana

Ƙarfe huɗu da kwata na yamma, wata Talata a ƙarshen Satumba, famfon gidanmu ya yi tari sau biyu ya ɗauke. Na riƙe lokacin ne domin ina tsugune a gabansa da buta, ina duban agogon hannuna, ina so in yi la'asar in koma kan littafi. Na murɗa, na sake murɗawa, iska kawai ke fita. A daidai lokacin kuma ruwan sama na dukan kwanon rufinmu, yadda sai mutum ya ɗaga murya kafin na kusa da shi ya ji.

Wanda bai zauna a Duwala ba zai yi wuya ya yarda cewa ana rasa ruwa a cikinta. Da damina takalmin da ka ajiye ƙarƙashin gado furfura yake yi, wanki ya kwana uku a kan igiya bai bushe ba, lungunan unguwarmu ta New Bell su koma rafi. Washegari aka ce babban bututu ne ya fashe can inda ake gyaran titi, kwana biyu za a ɗauka. Sai da muka yi mako biyar.

Ina ajin kusa da na ƙarshe a lise, wato sakandare, a shekarar. Ba ni da surutu, ba ni da ƙawaye da yawa, abin da aka san ni da shi kawai shi ne tsabtar littafin rubutuna. A makon ne malamar labarin ƙasa ta fara mana darasin yadda ruwa ke zagaya duniya. Na zana hoton da fensir mai launi: teku a hagu, rana a samansa, kibiyoyi suna hawa su zama gajimare, gajimare ya zubar a kan wani koren tudu. Daga tudun kibiya ɗaya ta gangara ta bi kogi ta koma teku, ɗaya kuma ta nutse cikin ƙasa. Madam ta ce ruwan duniya ba ya ƙaruwa ba ya raguwa, wuri kawai yake canzawa. Mafi yawansa na gishiri ne, wanda ba na gishiri ba kuma kaso mai yawa ƙanƙara ce a inda ba kowa. Ɗan abin da ya rage shi muke rububi. Na rubuta, na ja layi a ƙarƙashi da rula, ban ga abin da ya haɗa shi da gidanmu ba.

A tsakar gidanmu akwai rijiya. Kakana na wajen uba ne ya haƙa ta, tun ban zo duniya ba, shekarar da cinikin goro ya karɓe shi. Da bakinsa ya ce sadaka ce, kada a hana kowa, kada a rufe ƙofar zaure a kan mai neman ruwa. Ya rasu ina goye. Tun da aka ja famfo a unguwar sai rijiyar ta koma ta wanki da wanke-wanke, aka ɗora mata murfin katako, wani lokaci ma a shanya barkono a kai.

Kwana biyu da ɗaukewar famfo, layi ya tashi daga bakinta har waje. Matan lungunmu, masu shayi, 'yan arewa masu ɗaukar kaya a kasuwar Marché Central, wasu da Hausarsu mai ƙanshin Fillanci, wasu da Faransanci, kowa da bokiti ko jarka. Kakata, matar marigayin, ta sa aka fito mata da kujera 'yar tsuguno ƙarƙashin rumfa. Ban taɓa ganin ta cikin annashuwa irin ta kwanakin nan ba. Sunanta aka sa mini, don haka takwara take ce mini.

"Takwara, kin ga mutanen nan? Duk gugan da ya fito, Alhaji na ji a kabarinsa."

Ta yi imani cewa rijiyar tana da ido. A cewarta, da masu haƙa suka kai wani wuri sai ruwa ya ɓullo daga ƙasa da ƙarfi har suka fito a guje, kuma jijiyar tana tahowa ne daga can ƙarƙashin duwatsu, ba ruwanta da abin da ke faruwa a sama. Haka na taso ina ji, haka na yarda.

Ni aka ɗora wa jan ruwan gida safe da yamma. A nan hannuna ya lura da abin da kaina bai lura da shi ba: wata rana igiya gaba biyu nake saki kafin guga ya taɓa ruwa, wata rana gaba ɗaya da ɗan kai. Ba na iya barin abu irin wannan. Na samo zaren saƙa ja, na ɗaɗɗaure igiyar taƙi-taƙi, na ware shafukan ƙarshe na littafin labarin ƙasa. Kwanan wata, ƙarfe nawa, an yi ruwa ko ba a yi ba, zare na nawa ne ya tsaya a bakin rijiya.

Cikin kwana goma shafin ya gaya mini abin da ban so ji ba. In aka yi ruwa mai ƙarfi, kafin awa guda rijiyar ta hau taƙi biyu, wani lokaci uku. In sama ta yi kwana biyu ba ta zubar ba, sai ta sauka. Jijiyar da ta taho daga ƙarƙashin duwatsu ba za ta san an yi ruwa a New Bell cikin awa guda ba. Na kuma lura cewa a irin waɗannan ranaku masan da ke bayan ɗakunan 'yan haya shi ma yana cikowa, har su riƙa ƙorafi. Na auna da ƙafata: taku tara ne daga masan zuwa rijiyar. A gefensa akwai kwatamin da ruwan wanka ke gangarawa ya nutse.

Na buɗe hoton da na zana na daɗe ina kallon kibiyar nan da ke shiga ƙasa. A littafi ta cikin koren tudu take bi. Tamu ba tudu ba ciyawa. Ruwan da rana ta ɗauko daga teku ta tace shi tas, ya sauko mana ba gishiri ba datti, daga ya taɓa ƙasarmu sai ya bi ta cikin duk abin da muka zubar, ya tsaya a wuri mafi kusa da ke da rami. Lokacin da kakana ya haƙa rijiyar, an ce gida uku ne a lungun da bishiyoyin mangwaro. Yanzu ko ina bango ne, kowane bango da masai a bayansa.

Akwai wata maƙwabciyarmu mai sayar da kunu a bakin titi, 'yar Garwa, mace mai fara'a da ƙarar murya. Kullum ita ce ta farko a layi. Wata safiya ta makara, da ta zo ta ce wa Kaka 'yarta ta kwana gudawa, ita ma cikinta na murɗa.

"Damina ce," in ji Kaka. "Ki jiƙa mata sabara."

Bayanta wata ma ta kawo kukan ciwon ciki, sai wani mai shayi. Ba wanda ya kalli rijiyar. Ni kuwa igiyar ta yi mini nauyi a hannu.

Madam ce na fara tambaya, bayan kowa ya fita daga aji, da muryar da sai da ta ce in maimaita. Ta saurare ni tana haɗa takardunta. Ta ce lura ce mai kyau, ta faɗi sunan abin da Faransanci, ta ce sai an kai ruwan ɗakin gwaji kafin a tabbatar, kuma in riƙe wannan domin yana iya fitowa a jarrabawa. Na yi godiya na fito.

Ranar Asabar na tambayi malamarmu ta islamiyya ko ruwan rijiyar da ke kusa da masai yana da tsarki. Ta ce in duba abu uku: launinsa, ɗanɗanonsa da ƙanshinsa. Matuƙar najasa ba ta canza ɗaya daga ciki ba, ruwa ne mai tsarki mai tsarkakewa. Gaskiya ta faɗa mini, kuma abin da na tambaya ta amsa. Ita hukuncin alwala take nufi, ni kuma kunya ta hana ni cewa sha nake nufi. Sai daga baya na gane cewa mu duka a gidan haka muka haɗa biyun wuri guda: abin da ya halatta a yi salla da shi, mun ɗauka ya isa a ba jariri.

Da na ɗan taɓa wa Kaka zancen a kaikaice, da wannan ma'aunin ta amsa. Ta sa na cika mata kofin gilashi, ta ɗaga shi wajen haske, ta sansana, ta kurɓa.

"Ina launin? Ina warin? Ke dai boko ya sa miki tsoron abin da ba a gani. Ruwan nan da shi na yaye ubanki."

Saura Baba. Akawu ne a wani kamfani a Bonaberi, kullum sai ya haye gadar Wouri safe da yamma. Tun satin farko ya fara dawowa da jarka biyu ɗaure a bayan bensikin, babur ɗin haya ke nan, ya cika su a wurin aiki. Ya ce daga ciki za mu riƙa sha, mu da ƙannena. Bai ce me ya sa ba. Randar Kaka ce kawai ake cikawa daga rijiya, domin ta ce ruwan jarka warin roba yake yi.

Na same shi yana cire takalmi, na miƙa masa littafin a buɗe. Ya bi layukan da yatsa har ƙasa. Uwata yake ce mini, saboda sunan mahaifiyarsa.

"Uwata, aikinki ya yi kyau. Amma me kike so in yi? In je in ce wa Hajiya sadakar mijinta ce ke sa mutane zawo?"

"To Baba, mu ai ba ma sha."

Ya rufe littafin ya miƙo mini.

"Laisse tomber, bar maganar. Famfo ya kusa dawowa. Ɗakunan hayar nan da masan, ni na gina su. Kin san abin da za ta ce."

Na koma ɗaki da abin da ya fi wanda na zo da shi nauyi. Muna ba mutane sadakar abin da mu ba ma sha, tsohuwa kuma tana zaune tana murna a madadin mamacinta. Kwana uku ina juya maganar. Abin da na rasa shi ne hanyar da zan nuna wa Kaka da idonta, tunda abin da ido ya gani kaɗai ta yarda da shi.

Ranar Alhamis da yamma hadari ya haɗo daga wajen Japoma, layi ya watse kowa ya gudu da abin da ya samu. Na shiga ɗakin ajiya na kwaso duk bular da ake sa wa fararen kayan Baba, ƙulli shida, na dama a bokiti har ta yi kauri, hannuna ya rine. Na zagaya bayan ɗakunan 'yan haya na juye ta a kwatamin da ke gefen masai. Ban zuba ko ɗigo a rijiyar ba, wannan na kiyaye ƙwarai. Ina juyowa ruwa ya sauko. A raina na ce in ba abin da ya fito, shi ke nan, zan yage shafukan in yi shiru. Ban tsaya na yi tunanin abin da zai faru in ya fito ba.

Da safe mai kunu ce ta fara ja. A cikin baƙin guga ba a ganin komai, sai da ta juye a farin bahonta. Shuɗi ne mai haske, kamar ruwan ɗauraya na biyu.

"Hajiya, zo ki gani. Yau rijiyar Alhaji ta yi kwalliyar Juma'a."

Wasu suka yi dariya, sannan dariyar ta tsaya. Aka ja guga na biyu, na uku, duk ɗaya. Wata ta ce guba ce. Wani dattijo mai ɗaukar kaya ya ce a garinsu in aka ga haka hassada ce, wani ne ya yi jifa. Kaka ta taso da sandarta, ta leƙa bahon, fuskarta ta canza yadda ban taɓa gani ba. Ta fara ambaton wani maƙwabci da suka taɓa rigimar iyakar bango da shi.

Ina tsaye a ƙofar kicin hannayena cikin hijabi. Da zan iya yin shiru, bular ta gushe cikin kwana biyu, a bar laifin a kan bawan Allahn da bai san komai ba. Na fito da hannayen. Har lokacin farcena shuɗi ne.

"Kaka, ni ce."

Kaka ta juyo ta dubi hannayen.

"A rijiyar kakanki kika zuba?"

"A'a. A kwatamin bayan masai na zuba, jiya kafin ruwa. Da ƙafarta ta zo."

Mai kunu ce ta fara ganewa. Ta dubi bayan ɗakunan, ta dubi rijiyar, ta dubi bahonta, ta ce wani abu da Fillanci a hankali, ta tuntsurar da ruwan a ƙasa.

"Wato abin da muke sha ke nan," in ji ta. "Ni har kunu nake dama wa mutane da shi."

Kaka ta ɗauke idonta daga kaina. Ta juya ga Baba, wanda ya fito da jakar aiki a hannu ya tsaya.

"Jarkokin nan da kake ɗaukowa daga Bonaberi, ashe ba don warin roba ya yi maka daɗi ba ne."

"Hajiya..."

"Tafi aikinka, kada ka makara."

Ta shiga ɗakinta ta saki labule. Mutane suka fita ɗaya-ɗaya da bokitai ba ruwa. Wasu sun tafi wata rijiya a lungun gaba, wadda na san ba ta fi tamu nisa da masai ba. Wannan ya tsaya mini a rai fiye da fushin Kaka. Na nuna gaskiya, amma ban ƙara wa kowa ko kofi guda na ruwa mai kyau ba, sai ma na kore su zuwa inda ba wanda ya auna.

Kwana biyu ba ta yi mini magana ba. In na kai mata abinci sai ta nuna ƙasa da haɓa. Ruwan jarka ta koma sha, tana yamutsa fuska. Ƙofar zaure a buɗe take kamar kullum, amma ba mai shigowa sai mai neman na wanki, shi ma a ɗarare. Ruwan sama bai fasa ba. Nakan zauna a bakin taga in ga yana zuba daga indararo fari tas, ya faɗi ƙasa ya zama abin da ya zama. Mun tara a robobi da tukwane, amma abin da rufi ɗaya ke tarawa a 'yan kwanukanmu bai kai ya shayar da lungu ba, ga tsatsa da kashin tsuntsu na zubowar farko. Na yi ta tunanin cewa ruwa bai taɓa yi mana ƙaranci ba a garin nan. Wuri mai tsabta da zai sauka ne muka cinye da gini.

Baba ya kawo shawarar a sa mai gini ya shafe bakin rijiyar da siminti, a huta. Ya faɗa mini ne, ba ita ba. Na gane so yake ni in kai saƙon, tunda ni na fara.

Ranar Lahadi da hantsi na same ta zaune a bakin gado tana jan carbi. Na durƙusa daga ƙofa. Bular ta riga ta gushe daga ruwan, na duba da safe a farin kwano, ya koma garau kamar ba abin da ya taɓa faruwa, kuma wannan ne ya fi ba ni tsoro.

"Kaka, ki yafe mini. Na kunyata ki a gaban mutane."

Ta ci gaba da jan carbinta.

"Ruwan ya washe yau. In aka gani za a dawo a ci gaba da sha, kuma abin da ke cikinsa yana nan. Baba ya ce a shafe ta da siminti. Ni ban san abin da ya kamata ba. A rufe ta?"

Sai da ta kai ƙarshen carbin, ta shafa, ta ajiye shi a kan matashi. Ta dube ni tun daga kai har hannayena.

"Wannan abin da kika ce ba a gani, wuta na kashe shi?"

"Tana kashewa, in ya tafasa sosai."

"Littafinki ne ya ce, ko ke kika ce?"

"Littafi ne. Madam ma ta faɗa."

Ta gyara zama, ta jawo sandarta kusa.

"To ki gaya wa ubanki ba wanda zai sa wa rijiyar Alhaji siminti ina da rai. Simintin ya kai bayan masansa, can ne ke buƙata. Ke kuma ki je ɗakin ajiya ki fito da manyan tukwanen nan biyu na suna, ki wanke. A aika wurin masu yankan katako a samo dusar katako buhu biyu, itace ba zai kama ba a daminar nan. Daga gobe mai wanki ya ja da guga, mai sha ya ɗiba a tukunya. Shi ya haƙa, ni zan hura wutar. Amma bakina ba zai iya gaya wa mutane dalili ba, takwara. Ke kika tono, ke za ki tsaya a bakin zaure ki faɗa wa duk wanda ya shigo, da Hausa da Faransancin naki. Kuma ki ɗaga murya, ba wannan da kike yi mini kamar sauro ba."